Neman shawara: yaya zan gaida surukai Yarbawa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena zai auri 'yar Yarbawa, asalinsu Ilorin amma iyayenta sun daɗe a Sabon Gari. Mahaifinmu ya rasu, ni zan jagoranci kai gaisuwa ranar Asabar. Uban yarinyar yana jin Hausa ras, sai dai kakarta za ta zo daga gida, ita ko "zo" ba ta sani ba. Me zan ce mata? Kuma da gaske sai na kwanta ƙasa? Ba na son a ce gidanmu babu tarbiyya.

Hajiya daga Sabon Gari:
Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya sanya alheri. Maƙwabtana Yarbawa ne tun ina amarya. Da safe ka ce "E kaaro", da rana "E kaasan", in dare ya yi "E kaale". Kada ka kuskura ka yar da wannan "E" ɗin, shi ne girmamawar, kamar yadda kake ce wa babba "kun tashi lafiya". Ka cire shi, ka mayar da tsohuwa tsararka. Da ka shiga ka ce "E ku ile", sannu da gida ke nan, za ka ji sun ce "E kaabo". Ita kuma ka kira ta Mama.

Malam daga Ƙofar Doka:
Kwanciyar nan dobale suke ce mata. Maza ke yi, mata su durƙusa. Shawarata kada ka kai goshi ƙasa, sujada ta Allah ce. Ka cire takalmi tun daga ƙofa, ka tsuguna yadda muke yi wa dattawa a cikin Birni. Ilorin garin malamai ne, sarautarsu ma daga zuriyar Shehu Alimi take, sallama kuwa ta kowa ce. Da ita za ka fara.

Wani ɗalibi a Samaru:
Yaya, harshensu na da karin sauti, murya ta sauya ma'ana ta sauya. Ka sa amaryar ta turo maka muryarta ta WhatsApp ka yi ta maimaitawa.

Hajiya daga Sabon Gari:
Na manta da maganar bankwana. In an kawo abinci ka taɓa ko kaɗan ne, ka ce "E se", wato mun gode. Za ku tashi ka koma gaban kakar ka sake tsugunawa, ka ce "O dabo". Za ta yi muku addu'a mai tsawo, ka yi ta cewa amin har ta gama, kada ka miƙe tana tsakiya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, tsugunon zan yi. Hajiya, goro da dabino sun isa, ko akwai abin da ake ware wa kakar daban?