Me za mu kira "particle size" da Hausa?

Jama'a, musamman masu haɗa magani da ɗaliban fannin, ku zo mu tsayar da magana kan awon da ake yi wa garin magani kafin a dunƙule shi ko a zuba shi a abin shaƙa.

Wasu sun ce "girman ƙwaya". Ban yarda ba. A kemis, ƙwaya ita ce wadda ake haɗiya da ruwa. Ka ce wa majinyaci an rage girman ƙwaya, zai ɗauka an ba shi ƙarama ce. "Ƙwayar zarra" kuma masu kimiyya sun riga sun ba atom, a bar musu.

"Laushin gari" ya fi daɗin kunne, don duk wadda ta taɓa tankaɗe ta san tsaki ta san gari, kuma har yau da jerin rariya ake yin wani awon, mai manyan ido a sama, mai ƙanana a ƙasa. Sai dai laushi hannu ke jin sa, mu kuwa lamba muke nema.

Lambar nan ba wasa ba ce. Da maikiromita ake awon, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Maganin asma na shaƙa, sai wanda ke tsakanin maikiromita 1 zuwa 5 ne ke isa cikin huhu sosai. Wanda ya ɗara haka yawanci a baki da maƙogwaro yake maƙalewa, mai ciwo yana ta shaƙa numfashi bai sake ba. Griseofulvin da ake ba yara masu makero ba ya narkewa da sauƙi a ruwa, shi ya sa ake niƙa shi sosai don hanji ya iya tsotsa. A wannan ƙanƙanta rariya ba ta da aiki, sai wasu hanyoyin irin su hasken leza: manya su karkatar da shi kaɗan, ƙanana su watsa shi da faɗi, na'ura ta lissafa.

Ni dai ina kan "ɓurɓushi". Abu ne ɗan mitsitsi da ya fito daga niƙa ko farfashewa, kuma bai ci karo da komai a kemis ba. Sai mu ce "girman ɓurɓushi", aikin kuma "awon ɓurɓushi". Niƙan da ake yi wa irin su griseofulvin, a kira shi "niƙan lilis".

'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi da suka karanci fannin da Faransanci, ku faɗa mana ko ɓurɓushi ya zauna a bakinku.