Ɗaukar hoton ambaliya a kan titi: hidima ce ko ganganci?

Mai Kyamara: Jama'a, ga maganata, wanda bai yarda ba ya fito. Ranar da aka tafka ruwa har titi ya cika, zaman ɗaki asara ne ga mai ɗaukar hoto. Hasken ranar hadari ya fi na rana tsaka laushi, ga fitilun motoci suna sheƙi a kan ruwa. In ka sa saurin kyamara a 1/1000 na daƙiƙa, ɗigon ruwa tsayawa yake cak a iska. Ban da kyau kuma, hoton shaida ne. Gani ya kori ji. Hukumar da za ta yi watsi da ƙorafin baki ba ta iya musun hoton kwalbatin da ya toshe.

Baba Direba: Yaro, ka taɓa jin ruwa mai gudu yana fizgar ƙafarka? Ruwan da ya rufe kwalta ya rufe har da kwata. Kai idonka na kan waya, ƙafarka na neman wurin takawa. Wa zai gaya maka inda titi ya ƙare?

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya, kuma akwai lissafi a bayanta. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma ya ɗauke ƙaramar mota. Sha biyar ɗin nan da kaɗan ya wuce idon sawu. Mutane suna raina shi ne don ba su san nauyinsa ba: ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, tan guda ne cur. Sannan idan magudanar ƙasa ta cika, matsin ruwa yana ture murfin ƙarfen nan na tsakiyar titi, a bar rami a buɗe ƙarƙashin ruwa mai laka. Balle a ce wayar lantarki ta tsinke ta faɗo ciki.

Mai Kyamara: Ranka ya daɗe, ai ban ce a shiga har ƙugu ba. Kuma wayata mai IP68 ce, wato an yi mata gwajin nutsarwa a ruwa, ruwa ba ya shigarta.

Injiniya: A ruwa mai tsafta ake wannan gwajin, ba mai yashi da man mota ba. Kuma ni ba wayar nake jiye wa ba, kai nake jiye wa.

Anti Nas: Ƙanena, ko iya idon sawun ne ban yarda ba. Ruwan titi ya wanko shara da masai kafin ya iso gabanka. Akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, ta ɗan ƙaramin yanka a ƙafa take shiga, sai bayan kwanaki zazzaɓi ya taso a yi ta shan maganin maleriya, alhali in ta yi tsanani har ƙoda take taɓawa.

Ɗaliba: Ku yi haƙuri manya, kun taru a kansa, amma rabin maganarsa na nan daram. A Indonesiya akwai wata taswirar ambaliya ta intanet mai suna PetaBencana, wadda ta faro daga birnin Jakarta: mazauna unguwa ne ke turo hoto da tsayin ruwan inda suke, a haɗa a taswira guda, kowa ya ga hanyar da ba ta biyuwa. Da duk sun zauna a ɗaki, da me za a yi taswirar?

Injiniya: Na karɓi wannan, 'yata. Amma dubi irin hoton da ke da amfani a wurinsu da wurinmu. Wanda ke ɗauke da lokaci da wuri, kuma akwai abin auna zurfi a ciki: tayar mota, matakala, ƙofar gida. Daga bene ko tudu ma ya fi fitowa, don a nan ake ganin ta ina ruwan ya shigo da inda ya tare. Bayan ya janye kuma yana barin layin laka a bango, wanda masu nazarin ambaliya ke bi suna aunawa. Duk wannan ba ya buƙatar ka jiƙa ƙafa.

Anti Nas: Saura abu ɗaya da ke ci mini rai. Baiwar Allah ta ɗauko katifa a ka, tufafinta sun jiƙe sun manne mata, gidanta ya cika da ruwa, kai kuma ka saita ta don hasken ya yi kyau. Kafin ta sauke kayan, dubban mutane sun gan ta.

Mai Kyamara: Maganar shiga ruwa na sauka, daga tudu zan riƙa ɗauka. Amma Anti, ta mutane ban sauka ba. Hoton kwalbati ba ya sa kowa ya motsa, sai an ga wanda abin ya shafa.

Anti Nas: To ka fara taya ta sauke katifar, sannan ka tambaye ta. In ta ce a'a, ka mayar da wayar aljihu.

Mai Kyamara: In kuma tana can tsallaken ruwa, ni ina kan tudu?

Baba Direba: Sai ka ɗauka ta baya, inda ba a ganin fuska.