Lalaci ne ko tare musu hanya aka yi? Gardama kan ƙuri'ar baƙar fata a Amurka

Alhajin Bronx: Salamu alaikum jama'a. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sai ka ɗauki fasinja baƙar fata yana ta kuka da kuɗin haya da 'yan sanda, ka tambaye shi ko zai fita zaɓe, ya ce maka ba ruwansa. A zaɓen 2020 fararen fata kusan kashi 71 cikin ɗari ne suka jefa ƙuri'a, baƙaƙe kusan 63. Ni lalaci nake kiran wannan, wanda zai ji haushi ya ji.

Hajiyar Atlanta: Wa alaikumus salam. Alhaji, don girman Allah ka janye kalmar nan. Mutanen da aka fasa wa kai a gadar garin Selma da ke jihar Alabama a 1965 saboda neman 'yancin ƙuri'a, su ne malalata? A wannan gadar aka yi wa John Lewis, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, dukan da ya tsaga masa ƙoƙon kai. Ba don su ba, ni da kai ba mu isa mu tsaya a layin zaɓe a ƙasar nan ba.

Alhajin Bronx: Hajiya, kakanninsu kike faɗa. Ni jikokin nake nufi.

Ɗalibi a Ohayo: Baba Alhaji, a gafarce ni. A 2012 baƙaƙe sun zarce fararen fata wajen fita, kusan kashi 66 da 64. A 2016 suka sauko ƙasa da 60. Lalacin a shekara huɗu ya same su?

Ɗan Kumasi: Obama suka bi, ɗan ƙane. Da nasu ya sauka sai suka koma gida. Ai wannan ma ya fi lalaci muni.

Hajiyar Atlanta: To ka ga an sauya magana, ɗazu lalaci, yanzu son nasu. Me ya faru tsakanin zaɓukan biyu? A 2013 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar kan huɗu, ta karya sashen dokar 'yancin ƙuri'a ta 1965 da ya fayyace jihohi masu tarihin wariya da dole su nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su taɓa dokar zaɓe. Bayan nan aka yi ta rufe rumfunan zaɓe a jihohin Kudu, aka tsaurara katin shaida. A nan Jojiya, dokar 2021 har miƙa wa mai tsaye a layi ruwan sha ta haramta. Kuma zaɓe ran Talata ake yi, ba ranar hutun ƙasa ba ce. Matar da ake biya bisa awa, ga yara, ga motar haya biyu kafin ta isa rumfa, ita za ka kira malalaciya?

Ɗan Maraɗi: Ku tsaya tukuna. Lalaci daban, kasala daban. Ina ganin kasala Alhaji yake nufi. Wanda ya yi zaɓe sau da yawa bai ga canji a unguwarsa ba, jikinsa ne ya mutu.

Alhajin Bronx: Kada ka yi mini fassara, Malam. Da Hausa na yi magana, lalaci na ce.

Ɗalibi a Ohayo: To 'yan Latino, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, fa? A 2020 kusan kashi 54 suka fita, ƙasa da baƙaƙe, kuma su ne cike a wuraren gini da gonaki da kicin ɗin gidajen abinci. Matasa 'yan 18 zuwa 24 kusan rabi kawai, dattawa 'yan 65 zuwa 74 kusan kashi 76. Shekaru da ilimi da abin hannu suna da nasu tasiri, ba launin fata kaɗai ba.

Ɗan Kumasi: Ina mamakin 'yan Najeriya da suka iya lissafin ƙasar wasu. Zaɓenku na 2023 ko kashi 30 bai kai ba. Mu a Gana muna fita.

Ɗalibi a Ohayo: Yaya, me ya kawo Najeriya a nan?

Ɗan Maraɗi: Kullum haka yake, ko maganar farashin albasa ake sai ya sako Gana.

Ɗan Kumasi: Kai kuma yaushe rabonku da zaɓe?

Hajiyar Atlanta: Ku bar wannan. Alhaji, tambaya ɗaya: kai ka karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ko har yanzu katin zama ne a hannunka? Mai katin zama ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa.

Alhajin Bronx: Hajiya, kin wuce gona da iri. Takarduna ba abin tattaunawa a bainar jama'a ba ne.

Mai kula da zaure: To a dakata haka nan. Abin da na fahimta: Alhaji ya kawo alƙaluma, kuma babu wanda ya ƙaryata cewa fararen fata sun fi fita a 2020, don haka asalin maganarsa na nan daram. Hajiya ta kawo tarihi, mun gode, amma tarihi ba ya kai mutum rumfa, kuma tambayar takardu ba ta dace da babba kamar Alhaji ba, ya kamata ta ba shi haƙuri. Ɗalibinmu ya rage yawan lissafi in manya na magana. Batun Gana da Nijar na goge sauran. An rufe.