A-kurkura: maganin gargajiya ne ko kayan maye?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina ke nan, ko ku yarda ko kada ku yarda: kama masu sayar da a-kurkura zalunci ne. Ganye ne da saiwa, ba ƙwayar Bature ba. Hukuma ta je ta ji da masu shigo da tiramadol, ta ƙyale talaka da 'yar kwalbarsa.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ƙanena, zaƙami ma ai ganye ne. Ko ka manta ɗaya sunansa? Haukata-yaro. Ba Bature ne ya raɗa masa ba, kakanninmu ne, don sun ga aikinsa. Na sha karɓar samarin da aka zuba musu shi a kunu wajen biki: jiki zafi rau, baki a bushe, ƙwayar ido ta buɗe, suna ta cafkar abin da babu shi a iska. Fitowar abu daga ƙasa ba ta wanke shi.

Ɗan Kurmi: Anti, zaƙami daban, a-kurkura daban. Wannan ko haɗiyewa ba a yi, kurkure baki ake a tofar.

Anti Nas: To me ya sa mai kurkurawar yake neman bango ya jingina? Fatar cikin baki tana tsotse nikotin kai tsaye ya shiga jini. A 2022 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta gwada a-kurkura, ta ce akwai taba mai ƙarfin gaske a ciki, wasu har da wiwi. A shekarar ce kuma NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta kama kwalabe sama da 26,000 a jihar Kano. Jirin nan da amai da faɗuwa da kuke cewa "magani na aiki", guba ce ke aiki.

Mai Adaidaita: Ku da ke zaune a inuwa kuna da bakin magana. Tun asuba nake kan titi har bayan isha, kuma sai na kai wa mai keke balas kullum, ko an samu ko ba a samu ba. Da gadagi, shayin nan mai sa kuzari, 'yan acaɓa suka riƙa jure wannan wahalar kafin a hana acaɓa a Kano a 2013. Ban ce abin kirki ba ne. Amma a 2018 aka hana kodin, shaye-shaye ya ƙare? Kowa ya san amsar. An toshe rami ɗaya, ɓera ya haƙa wani.

Baba Mai Magani: 'Ya'yana, ku ba ni dama. Gadon gidanmu ne wannan sana'a, kuma wallahi abin da ake ɗurawa a kwalaben nan ba namu ba ne. Mahaifina in ya ba ka sassaƙe, ya san sunan bishiyar, ya san yawan da za ka jiƙa, kuma ka san ƙofar gidansa in abu ya ɓaci. Wannan kuwa wa ya haɗa? A wane gari? Kwalba babu suna, babu adireshi, yau ruwan ya yi baƙi, gobe ya yi ja. Sun ɗauki rigarmu sun saka wa kayan maye, yanzu in an tashi kame har da mu ake haɗawa. Ni ina goyon bayan a kama su. Sai dai a bambance.

Ɗan Kurmi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai akwai magungunan gargajiya masu lambar NAFDAC. In an ba wasu, a ba waɗannan ma mana, magana ta ƙare.

Malam Famasis: A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Lambar da NAFDAC ke bai wa yawancin kayan gargajiya tana ƙarewa da harafin L, kuma ta shekara biyu ce. Ma'anarta an duba samfurin da aka kai ba a ga guba a cikinsa ba. Ba ta nufin yana warkar da basir ko shawara ko sanyi, shi ya sa ake tilasta rubuta wa a jikin kwali cewa hukumar ba ta tantance ikirarin ba. Wa ke karantawa? Da Turanci ne, da ƙananan baƙaƙe. Sannan samfurin da aka kai ofis daban, abin da ake dafawa a duro bayan an karɓi lamba daban. Ga masu buga lambar bogi. Ni inda nake ganin gazawar hukuma ke nan, ba a rashin doka ba: babu mai zagayawa tasha da kasuwa yana sayen kwalba yana kai wa ɗakin gwaji a kai a kai.

Mai Adaidaita: Yawwa Malam. Ai da za a rubuta mini da Hausa cewa ga abin da ke ciki, ga yawansa, ni da kaina zan yi wa kaina hisabi.

Anti Nas: Kai za ka yi, don kana da iyali. Yaro ɗan shekara 14 da ke saye da kuɗin tara fa? Kuma fasinjan da ka ɗauka kai yana juya maka, shi wa ya tambaye shi?

Malam Famasis: Anti, wanda aka samu wiwi a ciki ba ya buƙatar muhawara, dokar NDLEA ta riga ta hau kansa. Rigimar tana kan mai taba zalla. Taba halal ce a dokar ƙasa, ana sayar da sigari a kowane teburi, sai dai dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. In taba ce, a kira ta taba, a ɗora mata dokar taba, a cire kalmar "magani" daga jikin kwalbar.

Baba Mai Magani: Wannan ta ƙarshen ita nake so. A cire sunanmu.

Ɗan Kurmi: To na ji ta wiwi, ban san da ita ba. Amma har yanzu ban ga dalilin da za a tafi da yaron da ke talla a tasha ba, alhali mai duron yana gida yana barci.

Anti Nas: A wannan kam ba mu da faɗa. Sai dai ka zo asibiti ranar da nake aikin dare, ka taya ni riƙe guda ɗaya.