Girbin wuta ko kalan wuta? Mu tsayar da magana

'Yan uwa masu harkar lantarki, da ku malaman da ke koyar da yara a makarantun fasaha, ina neman mu daidaita a kan suna guda. Akwai fasahar da Turawa ke kira "RF energy harvesting", wato a ɗauki ɗan ƙarfin da ke cikin igiyoyin rediyo masu yawo a iska, na ƙarfen sabis, na tashar talabijin, na Wi-Fi, a mayar da shi wutar da za ta tayar da ƙaramar na'ura ba tare da batir ba. Na ga wasu sun fara rubuta "girbin wuta". Ni dai ban gamsu ba.

Girbi na wanda ya shuka ne, kuma da dami ake ƙirga shi. Duk wanda ya ji "girbin wuta" zai ɗauka an samo hanyar cajin waya kyauta daga iska, kuma wannan zato zai ja mutane su sayi kayan banza. A 2009 masu bincike na kamfanin Intel a Siyatil ta Amurka sun juya eriya wajen wata tashar talabijin da ke nisan kusan kilomita 4, tashar da ke watsa ɗaruruwan kilowat. Abin da ya zo hannunsu mikrowat 60 ne, mikrowat kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na wat. Ya isa ya kunna ma'aunin zafi mai ɗan allo, shi ke nan. Cajar waya ta wat 5 ta ninka wannan fiye da sau 80,000.

Shawarata: kalan wuta.

Kala shi ne bin gona bayan mai ita ya kwashe amfaninsa, ana tsintar zangarniyar da ta zube. Ba kai ka shuka ba, abin kaɗan ne, sai an tara. Gaba ɗaya ƙirar na'urar a kan wannan ƙarancin aka gina ta. Eriya ta kamo sigina, a ce a megahaz 900 na layin waya ko gigahaz 2.4 na Wi-Fi. Daga nan sai 'yar da'irar daidaitawa ta kwayil (naɗaɗɗiyar waya) da kapasita (mai tara wuta), wadda aikinta ta hana ƙarfin da aka kamo ya koma baya, domin idan eriyar da abin da ke gabanta ba su dace ba, yawancinsa ba zai shiga ba. Sai diyod, mai mayar da wuta mai kai-da-komo ta zama mai bin hanya ɗaya. A nan mai haɗawa ke yawan faɗuwa: diyod ɗin silikon na yau da kullum yana son kusan bolt 0.6 kafin ya buɗe, siginar kuwa ba ta kai nan ba, don haka ake neman nau'in Schottky mai buɗewa da ƙasa da haka. Wasu kan jera diyod da kapasita hawa-hawa don ɗaga bolt ɗin, amma kowane hawa yana cin nasa rabon. A ƙarshe kapasita ta tara, na'urar ta farka, ta auna abin da za ta auna, ta aika, ta koma barci.

Wani malami ya ce mini "tatsar wuta" ta fi daɗin faɗi. Haka ne, amma kunnen mutanenmu zai kai ta ga masu jona waya a bayan mita, kuma ba na son a haɗa ɗalibi mai gwaji da wannan. Wani kuma ya ji tsoron a karanta kala a matsayin launi. Na launi "kalar" muke cewa, wannan kuwa "kalan", kamar yadda muke cewa kalan dangi.

Saura "rectenna", wato eriya da diyod a haɗe, wadda injiniyan Amurka William C. Brown ya ƙirƙiro a shekarun 1960, har ya ɗaga ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ita a 1964. Sai dai shi da gangan ya harba wa jirgin ƙarfin, don haka nasa aika wuta ne ta iska. Wadda ke tsintar abin da ya tarar a iska ita nake so mu kira eriyar kala. 'Yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, ku gaya mana ko kalmar ta zauna a bakinku.