Ranar farko a gaban 'yan aji ɗaya na jami'a: me kuka yi da ya karɓu?

Sabon Malami, Jos:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ranar Litinin zan tsaya gaban aji karo na farko a matsayin lakcara. An haɗa ni da 'yan aji ɗaya, darasin labarin ƙasa, kuma an ce sun haura 200. Wallahi tun jiya cikina ke kaɗawa. Mu a zamaninmu malamin ya shigo ne ya rubuta sunansa a allo, ya ce rabinmu sai sun dawo da kariyoba, ya kaɗa rigarsa ya fita. Ba na son in maimaita wannan. Ku da kuka riga ni, ya kuka yi?

Tsohuwar Malama, Jos:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka buɗe baki, ka sani yawancin waɗanda ke gabanka ba kwas ɗinka suka cika a fom ɗin JAMB ba. Wannan likitanci ya nema, waccan lauya take son zama, maki bai kai ba aka tura su wajenka. Da ɗacin rai suke zaune, wasu ma har sun fara shirin sake rubuta jarrabawar. To mai ɗacin rai ba a fara masa da dokoki.

Ni abin da na yi shekara da shekaru shi ne tambaya guda. Nakan shiga da sanyin safiya, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, in ce: wa ya taɓa zuwa Bauchi? Hannaye su tashi. Sai in ce, tafiyar da ba ta wuce awa biyu a mota ba, me ya sa can ake neman fanka nan kuma ake neman bargo? Sai in yi shiru. Shirun nan shi ne aikin, kada ka ji tsoronsa. Wani zai ce duwatsu, wata za ta ce ikon Allah, a yi dariya, in ce gaskiya ne, amma ta wace hanya? Daga nan mu gangaro kan cewa Jos na bisa tudun da ya kai wajen mita 1,200 daga doron teku, kuma duk hawan mita 1,000 zafi kan sauka da kusan digiri 6 da rabi. Shi ya sa dankalin Turawa ke yi a Bokkos da Mangu. Akwai shekarar da wani yaro daga can baya ya miƙe ya ce, “Malama, ashe gonar babana ce darasin?” Yaron nan shi ya fi kowa maki a ƙarshen zango.

Wani lokacin kuma tafkunan Rayfield da Bukuru nake ɗaukowa, in tambaye su wa ya haƙa su. Da yawa an haife su a nan amma ba su san ramukan kuza ba ne da ruwa ya cika.

Malam Mai Lissafi, Abuja:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma ki bar ni in ɗan ja da ke. Yaran yanzu in ka sake musu fuska ranar farko, sai sun hau kanka. Ni minti goma na farko na tsari ne: gwajin cikin zango maki 30, jarrabawa maki 70, ga lokacin da ake samuna a ofis, ga sharaɗin halartar aji, waya a aljihu. Kuma ina faɗa da bakina cewa ba na sayar da handawut. Za ka ga yadda suke sauke ajiyar zuciya.

Sannan ƙanena, kada ka zuba duk basirarka a ranar. A wajenmu da wuya rabin aji su zo makon farko, wasu na layin rajista, wasu na neman ɗakin kwana. Ka sa su zaɓi wakilin aji, ya buɗe musu zauren WhatsApp, ka tura tsarin darasin a can.

Tsohuwar Malama, Jos:
Malam, ban ce a bar tsari ba. Ni dai a ƙarshe nake kawo shi, bayan sun ga abin da za su saya.

Ɗalibar Aji Uku, Abuja:
Malamai a gafarce ni, na tsoma baki cikin maganar manya. Mu da muka fito daga makarantun gwamnati, abin da ke cinmu ranar farko Turanci ne. Kana da amsa amma kana tsoron ka yi kuskure a yi maka dariya, sai ka lafe a bencin baya. Wani malaminmu ya raba mana 'yan takardu, ya ce kowa ya rubuta abin da yake tsoro game da darasin, ba suna. Ya karanta kamar guda goma. Sai na ji abin da na rubuta wasu huɗu ma shi suka rubuta. Tun daga ranar na koma layi na uku.

Malamin Kwaleji, Jos:
Ni kuskurena zan ba ka. Na ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da garinsu. Awa biyu ta ƙare ban kai rabin aji ba, na baya sun koma hira. Abin da ya fi damuna, da aka fara kiran garuruwa sai na ga ana kallon-kallo, mako na gaba kowa ya koma kusa da nasa. Ka san garin nan, ba sai na yi dogon bayani ba. Yanzu da lambar ƙarshe ta rajista nake raba su rukuni-rukuni, ɗan Unguwar Rogo ya tsinci kansa da 'yar Pankshin a kan aiki ɗaya, babu mai cewa an yi son kai.

Ranar farkon da ta fi min wuya kuwa ita ce bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda aka fara a Fabrairu aka janye a Oktoba. Ƙanena na jami'a ne, na ga yadda wata takwas a gida ya kashe masa jiki, sai da na yi ta lallashi kafin ya koma. Tun lokacin nake fara tambayar ɗalibaina me suka yi kafin su zo. Akwai mai ɗinki, akwai mai gyaran waya a Terminus, kuma misalaina daga sana'o'insu nake ɗebowa.

Ka kuma je ɗakin tun kafin ranar. Ka gwada muryarka daga gaba, ka sa wani ya tsaya a baya. Ka tafi da maka, wato alƙalamin rubutu a allo, guda biyu.

Sabon Malami, Jos:
Na dawo da rahoto. Babu wuta, makirufo bai yi ba, maka ta farko ta bushe a layi na biyu, Allah ya saka wa Malamin Kwaleji da alheri. Na yi tambayar Bauchi. Shirun da Hajiya ta ce in jure, ban iya ba, na fara ba da amsa da kaina, sai wata yarinya ta katse ni ta ce ita 'yar Azare ce kuma tun da ta zo ba ta yi barcin kirki ba don sanyi. Daga nan aji ya ɓarke. Na raba 'yan takardu kamar yadda ɗalibar nan ta faɗa, guda 113 na karɓa, 41 sun rubuta cewa ba wannan kwas suka nema ba. Ɗaya kuma ya rubuta: “Malam, wane aiki ake samu da shi?” Ranar Alhamis zan sake shiga. Hajiya, ke me kike ce musu in sun yi wannan tambayar?