Rawar ɗari na tashe ni da tsakar dare

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga ma'aikatan lafiya.

Kusan mako uku ke nan, da dare ya raba, wajen ƙarfe 2, sai in farka jikina na karkarwa, haƙora na haɗuwa kamar an sheƙa min ruwan randa. Kuma ba hunturu ake ba, mai ɗakina ma fanka take kunnawa. Sai na lulluɓa da bargo biyu, can kuma gumi ya keto, riga ta jiƙe sharkaf. Da safe garau nake, sai 'yar kasala.

Na yi gwajin maleriya a kemis, aka ce babu. Duk da haka na shanye Coartem na kwana uku, shiru. Wani abokina ya ce ƙila sukarina ke sauka, tunda nakan kwanta ban ci tuwon dare ba, amma ni ba ni da ciwon suga. Abin da ya fi ɗaga min hankali, an ce gumin dare na cikin alamomin tarin fuka. Ba na tari dai, amma wandona ya fara yi min yawa.

Wane gwaji zan nema a asibiti? Ko in fara auna zafin jikina daidai lokacin da abin ya taso?